Ranar da na taka sawun kakana a Njamena

Har ta koma ga Allah, kakata ba ta taɓa kiran garin nan Njamena ba. Fallomi take cewa, kamar yadda bakin tsofaffinmu ya lanƙwasa sunan Fort Lamy. Takan kuma ce mana, "Mu nan hanya ce ta ajiye mu." Mijinta ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya nan don ya tara guzuri na damina ɗaya, yana ɗinkin hula. Damina ɗayar ce ta kai mu yau, jikoki da tattaɓa-kunne.

Ni kuwa a garin aka haife ni, amma a bayan klando, wato babur ɗin haya, na san shi. Daga gida zuwa shago, daga shago zuwa gida, ido a rufe saboda ƙura. Wata Asabar bayan sallar asuba na ɗauki gorar ruwa na fita a ƙafa, da niyyar in nemo unguwar da kakana ya fara sauka. Abin da Kawu ya iya gaya mini kawai shi ne, "Ka nemi wajajen babban masallaci, ka tambayi tsofaffi."

Daga bakin kogin Shari na faro, ta Jambal Bahar, wato "gefen kogi" a Larabcin Chadi. Wannan yanki akwai gine-ginen hukuma da masu tsaro, don haka wayata tana aljihu, kuma duk mai son zagaya nan ina ba shi shawarar ya bar ɗaukar hoto. Ido ma ya isa. Ga Kusuri can a tsallake, ƙasar Kamaru, masunta na jan kwale-kwale a tsakani. A can ne ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunar Faransa ta gwabza da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa. Rabe ya mutu a ranar, kwamandan Faransawa Lamy ma ya mutu a ranar. Ƙarshen watan Mayu na shekarar Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓa ya ba shi sunan Lamy, wato Fort Lamy. Duk na karanta wannan a makaranta. Abin da ban taɓa ji a jikina ba shi ne kusancin wurin. Ashe filin yaƙin da ya haifi garinmu kullum yana kallonmu, ruwa kaɗai ya raba.

Ruwan nan dai shi Kawu ya ƙetare a 1980, lokacin da yaƙi ya tashi cikin gari, yana goye da ƙanwarsa. Ba a gina gadar Ngeli ba tukuna, sai jirgin fito da kwale-kwale. Na daɗe a tsaye ina auna faɗinsa da ido.

Titin Charles de Gaulle ban ɓata lokaci a kansa ba. Bankuna ne da kantuna, kowa ya san shi. Kafin rana ta ɗaga na isa babbar kasuwa da masallacin Sarki Faisal, wanda aka gina da kuɗin Saudiyya a shekarun 1970. Daga nan na kutsa cikin lungunan Marjan Daffak, kuma a nan tafiyar ta soma daɗi. Gidajen ƙasa ne da suka tsufa, wasu an lulluɓe su da siminti, wasu an rushe an ɗora bene. Ka wuce ƙofa ka ji Larabci, ta gaba Barbarci, ta gaba kuma wata uwa na yi wa ɗanta faɗa da Hausa tsantsa kamar a Fagge.

A nan na yi kuskurena na farko. Na tarar da wani dattijo kan tabarma a gindin darbejiya, allunan almajirai jingine da bango. Na yi sallama a tsaye, na zaro waya na danna naɗar murya, na hau jero tambayoyi. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "Yaro, Allah Ya ba da sa'a." Shi ke nan. Na yi gaba jikina a sanyaye. Da na kai ƙarshen layin na gane abin da na yi: na zo karɓa ban ko zauna ba. Na sayi goro na dawo, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba, a gafarce ni. Jikan wani maɗinkin hula ne ni, Bakano, da ya sauka nan kan hanyar hajji."

"To, yanzu ka yi magana. Zauna, ɗana."

Bai san kakana ba, kuma bai yi mini ƙaryar ya san shi ba. Amma ya san irinsa. Ya lissafo mini hanyar da yatsunsa: Kano, Maiduguri, Dikwa, Kusuri, a ƙetare zuwa Fallomi, daga nan Ati, Abeshe, Adare, a shiga Sudan ta Janaina, Fashir, har bakin Bahar Maliya a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ya ce mutum kan yi shekaru a hanyar nan, yana tsayawa ya yi noma ko ƙodago ko koyar da allo, ya sake ɗaura kaya. Wasu sun isa sun dawo, wasu suna Sudan har yau, garin Mai Wurno shaida ne, wasu kuma kamar mahaifinsa da kakana nan ƙafarsu ta tsaya. "Ba mu ɗauke shi fashin niyya ba," in ji shi. "Ubana har ya rasu yana cewa baɗi zai wuce."

Shi ne ya koya mini sauraron sunayen unguwanni, abin da nake furtawa kullum ba tare da na ji shi ba. Marjan Daffak, murjani ya zube. Ambasatna, mun ji daɗi. Ridina, mun yarda. Ardeb Jumal, tsamiyar raƙuma, ka ji sunan ka ga ayari ya sauke kaya a inuwa. Yawancinsu maganar mutanen da suka sha tafiya ce, suka samu wurin ajiye kaya. Shi kansa sunan da Shugaba Tombalbaye ya mayar wa garin a 1973, Njamena, fassarar da aka fi sani ita ce "mun huta". Da dattijon ya faɗi haka sai na tuna kakata da hanyarta da ta ajiye mu, idona ya ciko.

Wannan ya sa rushe tsoffin unguwanni ke ci mini rai. Gardole tana cikin mafi tsufa a garin, a 2008 aka share gidajenta. Yaron da aka haifa bayan nan ba zai san akwai zauruka da maƙwabtaka a wurin ba sai wani ya nuna masa da hannu, masu nunawar kuwa kullum raguwa suke yi.

Kuskurena na biyu na rana ne. Zancen ya ja ni har azahar, ga shi lokacin bazara, zafin da ke haura digiri 40. Na so in ƙarasa Ardeb Jumal a ƙafa, a Ambasatna jiri ya fara ɗibata. Wata mai sayar da karkanji, zoɓo ke nan, ta zaunar da ni kan bencinta ta ce, "Ɗan'uwa, wa ya aike ka da tsakar rana?" Tun daga ranar nake fita da sassafe in dawo kafin ƙarfe goma, kuma unguwa ɗaya kawai nake ɗauka a fita ɗaya.

Gidan kakana ban same shi ba. Dattijon ya ce akwai wata tsohuwa a layin bayan kasuwa, 'yar wani mai masauki ce da alhazan ƙafa ke sauka gidansu, ta yiwu ta tuna maɗinkin hula Bakano. Asabar mai zuwa zan je, da Kawu za mu tafi, domin shi ya san sunan ƙauyen da tsohon ya baro.