Alhamis, jajibirin azumi

23 ga Afrilu, 2020

Tun da aka rufe otal ɗin da nake aiki a watan Maris na tsiri wata ɗabi'a. Duk Alhamis ba na komawa barci bayan asuba. Sai in haɗa shayi, in ɗauko ɗan littafin da nake rubuta basussuka, in juya bayansa, in zauna jiran ƙarfe 8:30. Lokacin ne Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ke fitar da adadin sababbin waɗanda suka nemi kuɗin rashin aiki a makon da ya wuce.

Na yau miliyan 4.4. Na rubuta shi a ƙarƙashin 'yan'uwansa: 3.3, 6.9, 6.6, 5.2. Na biyun nan 6.6 na fara rubutawa, da mako ya zagayo suka ce ashe 6.9 ne, na soke na gyara. Idan aka tara, mutum sama da miliyan 26 ke nan cikin mako biyar. Wani mai sharhi a talabijin har da fara'arsa, wai abin ya fara sauka. Kafin annobar koronar nan, makon da ya fi kowane muni shi ne wani na Oktoban 1982, mutum 695,000. Ko a 2009 da bankuna suka durƙushe bai haura 665,000 ba. Na yau ya ninka na 1982 sau shida, kuma shi ne ake ce wa sauƙi.

Ni ina cikin 6.9 ɗin nan. A makon na cike takarduna a intanet, da tsakar dare, lokacin da cunkoso ya ragu. Tun daga nan duk mako sai na shiga na amsa tambayoyi iri ɗaya: ka yi aiki? An ba ka aiki ka ƙi? Kana da lafiyar yin aiki? In amsa, shafin ya ce ana dubawa. Yau ma na leƙa, ana dubawa. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris ta ce za a ƙara dala 600 a kowane mako kan abin da jiha ke bayarwa, har ƙarshen Yuli. Na lissafa kuɗin nan ya fi sau goma, na raba su kashi-kashi, na haya, na gida, na bashi. Ko sisi bai shigo ba tukuna.

Abokin zamana, mutumin Damagaram, yana kallona daga kan katifarsa. Huluna da jakunkuna yake sayarwa a bakin titi, takardunsa kuma sun daɗe da ƙarewa. Dokar ta shigar da direbobin haya da masu sana'ar kansu, amma sai mai izinin aiki. Tallafin dala 1,200 ɗin da gwamnati ke rabawa ma sai mai lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki. Ya ce, "Malam, kai ko a cikin marasa aikin ma kana da lamba. Ni a wane layi za ka rubuta ni?" Dariya ya yi, ni na kasa. Na rufe littafin.

Da azahar Hajiya ta kira. Mako guda ke nan da kulle Kano, kasuwanni a rufe, ƙanena ya jingine adaidaita sahunsa a ƙofar gida. Ta yi mini ta'aziyyar dattawa biyu na unguwarmu, ta faɗi yadda gero da sukari suka yi tashin gwauron zabi. Ba ta roƙi komai ba, ba halinta ba ne. Amma ni na sani, kowace shekara kafin tsakiyar Sha'aban kuɗin azumi sun isa hannunta.

"Wai gwamnatinku na raba muku kuɗi, haka muka ji a rediyo."

"Eh, Hajiya, ana rabawa."

"To madalla. Kai dai ka riƙa zama a ɗaki."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiyar duka ba. Muna gama waya na ciri dala 100 daga kuɗin haya na tura mata. Mai gida kuma sai 1 ga wata, mu ga abin da Allah zai yi.

Bayan magariba saƙo ya shigo daga masallacinmu: gobe 1 ga Ramadan, kowa ya yi asham a gidansa. Mu biyu muka yi, shi ya ja mu don ya fi ni karatu. Yanzu yana can yana jiƙa sauran wakenmu, wai ƙosai za mu sha ruwa da shi gobe. Na sake leƙa shafin kafin in kwanta. Ana dubawa. Na saita ƙararrawa ƙarfe 3:45 saboda sahur.