Manjan Inna da kakin da ke toshe bututun mai

Makon jiya na je gida Jos, na tarar hunturu ya kankama. Da asuba a Anguwan Rogo in ka taɓa ruwan buta sai ka ji kamar an datse maka yatsu. Inna ta ɗauko galan ɗin manja za ta ɗora miya, ta karkata shi, ko ɗigo bai fito ba. Ta jijjiga, ta buga gindinsa da ƙasa, daga bisani ta tsoma shi cikin ruwan zafi. Ina tsugune gefen murhu ina dariya.

"Kai kuma me ya ba ka dariya?"

"Inna, ai aikin nan nawa da kike yawan tambaya, ga shi a hannunki."

Ta harare ni. "To, narkar da manja ka tafi jami'a ka koyo?"

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ɗanyen man fetur yana ɗauke da kaki a cikinsa, dangin wanda ake yin kyandir da shi. A can ƙarƙashin ƙasa akwai zafi, don haka kakin a narke yake. Da man ya hau bututu ya fara hucewa, akwai wani mizanin sanyi da in ya kai, sai kakin ya soma fitowa siriri-siriri kamar allurai. Jikin bututun ya fi tsakiyar man sanyi, shi ya sa a nan yake fara mannewa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, hanya tana tsukewa, famfo yana nishi. A teku abin ya fi tsanani. Rijiyoyin mai na Bonga a tekun Najeriya, da suka fara aiki a 2005, suna cikin ruwa mai zurfin sama da mita 1,000, kuma a irin wannan zurfi sanyin ruwan kan kai wajen digiri 4. Sanyin Jos ɗin da muke kuka da shi wasan yara ne.

Abin da ya fi tayar wa ma'aikata hankali shi ne a dakatar da tura mai na wasu kwanaki, ko don gyara ko don an fasa bututu. Man yana kwance, alluran nan su sarƙe da juna kamar raga, su kama man gaba ɗaya ya koma kamar kunun da ya kwana. Sake tayar da shi jan aiki ne.

Dabarar Inna, wato zafi, ana amfani da ita. Bututun da ake shimfiɗawa daga Hoima ta Yuganda zuwa tashar Tanga ta Tanzaniya, mai tsawon kilomita 1,443, da lantarki za a riƙa ɗumama shi saboda yawan kakin man nasu. Akwai kuma wani dunƙule da ake turawa cikin bututu ya kankare jikinsa, wanda ma'aikata ke kira alade da Turanci. Idan kakin ya yi yawa, aladen ma maƙalewa yake yi.

Ni ɓangarena polima ne, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi da ake zubawa a cikin man don hana kakin sarƙewa. Wanda aka fi sani shi ne EVA, kuma kowa ya taɓa taka shi, don da shi ake yin tafin silifas da yawa. Jikin sarƙarsa kashi biyu ne. Wani sashen ya yi kama da kakin sosai, har kakin ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya rungume shi lokacin da yake daskarewa. Ɗaya sashen kuma bare ne, ya tsaya cirko-cirko ya hana wani kakin zuwa ya ɗoru. Maimakon dogayen allurai masu sarƙewa, sai a samu ƙananan dunƙule-dunƙule da man ke tafiya da su. Akwai wasu polimar masu siffar matsefi, kowane haƙori yana kama da sarƙar kaki, kuma sai tsawon haƙorin ya dace da na kakin man da ake so a yi wa magani. Shi ya sa wanda ya yi aiki a wannan rijiya kan iya zama aikin banza a waccan. Duk mai tallan da ya ce min nasa na kowane mai ne, sai na ce ya kawo mu gwada. Abin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai, 'yan ɗaruruwa cikin miliyan.

Sai dai akwai sharaɗi guda da na koya da kunya. Ina sabon shiga, aka ba ni samfurin mai in gwada. Gwajin ba wuya: ka zuba man a ƙaramar kwalba, ka sanyaya, duk saukar digiri 3 ka fito da ita ka karkata. Idan ka kwantar da ita daƙiƙa 5 man bai motsa ba, ya daskare ke nan. Na ɗiga polima, na gwada, babu wani bambanci. Na ƙara, shiru. Na rubuta cewa maganin ba ya aiki, na kai wa ogana ina taƙama. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka ɗumama man kafin ka zuba?" Ban ɗumama ba. Man ya kwana a ɗaki mai iyakwandishan, kakin ya riga ya fito ya gama sarƙewa. Polima ba ya narkar da kakin da ya riga ya daskare. Dole ya shiga tun man yana da zafi, shi ya sa ake allurarsa tun daga bakin rijiya. Wanda ya riga ya manne kuwa sai zafi, ko alade, ko sinadarai masu narkarwa. Da na maimaita gwajin yadda ya kamata, man da ya ƙi motsi jiya sai ga shi yana gangarowa a cikin sanyin da ya fi wancan.

Duk wannan na zayyana wa Inna, har da nuna mata tafin silifas ɗinta. Ta ɗago galan ɗin daga ruwan zafi, manja ya zubo ja wur cikin tukunya.

"To kada dai ka kuskura ka sa min takalmi a miya," in ji ta. "Miƙo min albasar nan."