Rubutun da ban karanta ba a jikin sandar fatsa

Guntun sandar yana nan jingine bayan ƙofar ɗakina a Unguwar Rimi. Uwargida ta yi ta yi in jefar da shi na ƙi, yara sun so su mayar da shi abin kakkaɓo mangwaro, nan ma na hana. A jikinsa, ɗan sama da inda ake riƙewa, akwai wani ƙaramin rubutu fari da ko tsawon ɗan yatsa bai kai ba: C.W. 30-60g. Sati biyu sandar ta yi a hannuna kafin in tafi Legas, kullum sai na zaro ta a tsakar gida na nuna wa duk wanda ya shigo, amma ko sau ɗaya idona bai tsaya a kan rubutun nan ba.

Ni ba baƙon ruwa ba ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Tun ina yaro nake fatsa a Kogin Kaduna, daga bayan Gamji har Kabala, da sandar gora da tana a gwangwanin madara. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, babu wanda bai taɓa sukar hannuna ba. Da na fara aiki na sayi 'yar sanda ta zamani mai ƙafa 7 da injin naɗe zare, na shekara da shekaru da ita. Saboda haka da Yaya ya ce in zo wajensa a Ojo in yi hutun Disamba, har ya yi alkawarin kai ni bakin teku ta wajen Badagry, ban ga abin tambayar kowa ba. Ai ruwa ruwa ne.

Na zauna na kalli bidiyon Turawan Ingila da na Afirka ta Kudu suna jifa daga gaɓar teku, abu ɗaya na ɗauka a ciki: sandunansu dogaye ne. Shi ke nan, na shiga intanet neman doguwar sanda. Na samu wani mai sayarwa da ke da mai mita 4.5, irin wadda ke shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, in ka naɗe ta ko mita ɗaya ba ta kai ba. Tambaya uku na yi masa: tsawonta, kuɗinta, da ko za ta shiga jaka. Ya amsa duka, ya ƙara da cewa ko kifin da ya kai girmana za ta ɗaga. In za a yi adalci, bai yi min ƙarya a kan tsawo ba. Abin da ban tambaya ba ne bai faɗa ba. Na tura masa kuɗin da na yi wata uku ina tarawa, har ina ganin na yi wayo don ta fi sauran araha. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Ranar da muka je, tun kafin mu fita daga cikin itatuwan kwakwa na fara jin rugugin ruwa. Na haɗa kayana, na sa dalmar da nake sawa in kogi ya kawo da damina, giram 40, na jefa. Ta tafi da nisa kuwa, har na waiga in ga ko Yaya ya gani. Kafin in gama waigen, zaren ya saki. Raƙumin ruwa ya ɗauko dalma da ƙugiya da jatan landen da na soka, ya zo ya ajiye min su a kan rairayi can ta hannun haguna. Na sake, haka. Na sake, haka. Ruwan gaɓar Legas yana jan kaya daga yamma zuwa gabas, don haka in kana fuskantar teku komai naka hagu yake tafiya. Yaya na zaune a inuwa yana cin gyaɗa, ya ce, "Ƙanena, teku ta ce ta gode, ba ta karɓar sadaka yau."

Can gefe akwai wani dattijo da sanda mai kauri, ta sha jiki, fentinta duk ya koɗe. Ya kafa guntun bututun roba a cikin rairayi ya zura ta ciki, zarensa a miƙe tsaf, ya tsallake saman raƙuman ruwan ya nutse can bayansu. Wayarsa ta yi ƙara, na ji ya amsa da Hausa. Ashe mutumin Yawuri ne, ya daɗe a can. Na je na gaishe shi, na roƙi dalma mai nauyi. Ya laluba jaka ya ba ni wata mai siffar dala, kusurwa huɗu, irin wadda ke nutsewa cikin yashi ta kafe. Ya ce oza biyar ce, wato kusan giram 140.

Sai ya dubi sandata, ya ce, "Ɗana, za ta ɗauka?"

Na ce, "Baba, mita huɗu da rabi ce fa."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Jifan farko a hankali na yi, dalmar ta faɗa kusa amma ta kafe, zare ya tsaya. Daɗi ya kama ni. Na biyu na ɗan ƙara ƙarfi, na ji sandar ta lanƙwashe har wajen hannuna, ta kasa dawowa da wuri, kamar mutumin da aka ɗora wa buhun da ya fi ƙarfinsa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ja da baya, na gyara tsayuwa irin ta Turawan bidiyo, na saki iya ƙarfina. Ƙas! Ƙarar ko ta karyewar kara ba ta fi ba. Gaɓoɓi uku na sama suka bi zare suka tafi, zaren ya tsinke, dalmar Baba ta yi gaba abinta. Aka bar ni riƙe da guntu a hannu, bakinsa ya tsattsage kamar tsintsiya.

Baba ya taso ya karɓi guntun. Ya goge yashin da babban yatsa, ya kai shi kusa da fuskata, ya ce, "Karanta min nan, idona ba ya gani sosai." Na karanta: talatin zuwa sittin. Ya ce, "Dalmar da na ba ka fa?" Na ce ɗari da arba'in. Bai ƙara komai ba. Na ce, "Amma Baba ai da ka faɗa min." Ya ce, "Na tambaye ka nauyi, ka amsa min da tsawo."

Har yau in na tuna sai in ji haushinsa kaɗan, don ya san abin da zai faru. Amma da ya faɗa ɗin, anya zan ji?

Wannan lamba ita ce nauyin da aka ƙera sandar ta iya jefawa. Wasu kamfanoni da giram suke rubutawa, wasu da oza, oza ɗaya kuwa giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Kuma ba dalma kaɗai ake lissafawa ba, har da abincin da ka soka a ƙugiya, don yankan kifi mai kauri shi ma nauyi ne. A kogi ba mu damu da wannan ba saboda dalmarmu ƙarama ce, kowace sanda za ta ɗauka. A teku kuwa lissafin daga ƙasa yake farawa: ruwa ne ke gaya maka nauyin dalmar da za ta kafe, dalma kuma ita ke gaya maka sandar da za ka saya. Inda raƙuman ruwa ke da ƙarfi irin na can, oza huɗu zuwa shida ake sawa, don haka sanda mai 100 zuwa 200g ake nema, yadda dalmarka za ta faɗo a tsakiyar lambar, ba a bakin iyakarta ba. Ni na fara daga sama, na zaɓi sanda don ta burge ni, sannan na nemi ruwa ya bi ra'ayina.

Tsawon ma da na haukace a kai, yana da amfaninsa, ban ce babu ba. Doguwar sanda tana ƙara nisan jifa, tana kuma ɗaga zare sama da raƙuman ruwa don kada su riƙa dukansa suna tumɓuke dalma. Shi ya sa sandunan gaɓar teku ke kamawa daga ƙafa 10 zuwa 15. Amma mutum mai tsayina, wanda bai saba ba, ƙafa 12 ta ishe shi har ta yi yawa. Wadda na saya ƙafa 15 ce saura kaɗan, siririya, an yi ta ne don ƙaramar dalma a ruwa kwance.

Bayan kwana biyu, da kunya da komai, na ranci kuɗi wajen Yaya, Baba ya kwatanta mana wani shagon kayan su a cikin Ikko. Wannan karon kafin in tambayi kuɗi sai da na juya kowace sanda na karanta jikinta, har mai shagon ya fara kallona. Na ɗauki mai ƙafa 12, gida biyu da ake haɗawa, 100-200g, wadda aka ƙera jikinta da haɗin kabon da faiba. Zallar kabon ta fi sauƙin ɗauka kuma ko ƙaramin kifi ya taɓa za ka ji a hannu, sai dai tsada, ga shi ba ta son bugu, in ta daki dutse ko ƙofar mota tana iya tsagewa a ɓoye ta ba ka kunya daga baya. Faiba nauyi gare ta amma tana jure wulaƙanci, irinta ce a hannun Baba. Shi Baban ya kuma ce in sa gindin sandar a hammata in miƙa hannu, inda tafina ya tsaya nan ya kamata mazaunin inji ya kasance, don in mariƙin ya gajarta ba ka da abin da za ka ja da hannun ƙasa lokacin jifa. Zobban da zare ke bi na duba su ɗaya bayan ɗaya da farce, ko akwai tsaga a tangaran ɗin cikinsu. Mai shigewa cikin juna kuwa na yi rantsuwa ba ni ba ita a bakin teku. Ko ba ta karye ba, yashi na shiga gaɓoɓinta ya cije, guntun da ke ɗakina har yau gaɓa ɗaya ta ƙi komawa.

Wani abin da ya tsorata ni daga baya shi ne dalmar da ta tsinke. Giram 140 a guje, da akwai yaro a gabana da yanzu wani labarin ake yi. Ashe ana ɗaura zare mai kauri a gaba, wanda zai sha wahalar jifa, tsawonsa kamar ninki biyu na sanda har ya zagaya inji sau biyar ko shida. Ƙa'idarsa laba 10 na ƙarfin zare ga kowace oza ɗaya ta dalma, ka ga oza biyar sai mai laba 50. Ni da zaren kogina na jefa, tun daga inji har ƙugiya.

Da sabuwar sandar na koma sau uku. Baba ya ce in riƙa zuwa lokacin da ruwa ke cikowa, tunda sau biyu yake cika ya janye a yini da kwana. Kifi biyu na kama duka-duka, irin wanda mutanen can ke kira kuroka, babban bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Kuma ba can nesa na kama su ba, a wani ɗan kwari ne bayan layin raƙuman farko, inda jifan da ko ƙarfi ban sa ba yake kaiwa. Wato nisan da na karya sanda a kansa ma ban buƙace shi ba. Kowace dawowa sai na wanke sanda da inji da ruwan famfo, don gishiri cin ƙarfe yake kamar gara.

Dawowa Kaduna kuma wani aikin ne. Sanda mai ƙafa 12 gida biyu, kowane gida ya wuce ƙafa 6. Sai da na sayi bututun roba na zura ta na toshe bakin da tsumma, aka yi ta ciniki da yaran mota kafin su yarda, na biya kuɗin kaya, na kuma kwana ina leƙawa kada a ɗora mata buhun albasa. Da za a sake, mai gida uku zan ɗauka. Da muka sauka a tashar Mando mai Keke Napep ya tambaye ni ko aikin famfo nake.

Yanzu tana rataye a bango. Sau ɗaya na kai ta kogi da ruwa ya kawo a watan Agusta, ta riƙe dalma a tsakiyar ruwa yadda ƙaramar ba ta iyawa, amma hadari na tasowa na naɗe na gudu, don kabon yana ɗaukar wutar lantarki, ba a ɗaga shi ana walƙiya ko ƙarƙashin wayar lantarki. 'Yan majalisarmu sun laƙaba min Sarkin Ruwan Badagry, laifin Yaya ne da ya turo musu hoton guntun tun ina can. Shi kuma har yanzu ina biyansa bashin kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata sai saƙonsa ya shigo: "Talatin zuwa sittin, an yi albashi?"