Talata, Ɗakin Tazarar Haihuwa

Hazo ya rufe gari yau, tun daga Ƙofar Doka mai Keke Napep yake tafiya da fitila a kunne. Ko da na isa asibiti mata sun cika benci. Yawancinsu masu allurar wata uku ne, su kam ba sa cin lokaci: a duba kati, a auna jini, a yi allura, a rubuta ranar dawowa.

Wadda ta cinye min safiya wata yarinya ce daga cikin birni, ba za ta wuce sha tara ba, da goyo a baya. Tun ba ta zauna ba ta ɗage hijabi ta miƙo min hannun hagu, inda aka sa mata 'yar sandar tazarar haihuwa da mata ke kira ashana.

"Anti, ashanar nan za ki cire min."

"To ƙanwata, zauna tukuna. Me ta yi miki?"

Da ƙyar ta buɗe baki. Ba ciwo take ji ba. Jini ne ɗigo-ɗigo, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Ta rasa ranar da take da tsarki, ta yi wanka ta fara sallah sai ta sake gani. Maigida ya fara tsaki, uwar miji kuma ta ce abin yawo yake a jiki, wata rana sai ya kai zuciya.

Na kama yatsanta na ɗora a cikin damtsenta, na ce ta danna a hankali. Ta ji ta nan ƙarƙashin fata, daidai inda aka sa. Implanon ce, sanda ɗaya, ta shekara 3; Jadelle ce mai sanda biyu, ta shekara 5. Na faɗa mata sinadarin da ke ciki yana hana ƙwai fita, yana kuma sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, shi ya sa al'ada ke rikicewa, musamman a shekarar farko. Wasu ma ɗaukewa take yi gaba ɗaya, kuma ba taruwa jinin yake a ciki ba. Na duba ta, ba ciki, ba alamar sanyi. Na ba ta ibuprofen na kwana 5, yakan rage wa wasu.

Maganar sallah kuwa, ni ba malama ba ce. Abin da muka karanta a Islamiyya dai, a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura jinin istihala ne, mace tana sallarta. Na ce ta riƙa saka alama a kalanda duk ranar da ta gani, ta kai wa malamarsu lissafin. A nan ne fuskarta ta saki. Ashe wannan ne babban abin da ke cin ta, kuma ranar da aka sa mata ba wanda ya taɓo shi.

Ta ce za ta ƙara wata ɗaya ta gani. Na ce duk ranar da ta ce a cire za a cire, kuma da an cire za ta iya ɗaukar ciki. Ban yarda da masu ce wa yara "sai kin shekara" ba, wai kada a yi asarar kaya. Yarinyar da aka kora a nan wurin mai kemis za ta nufa. Na sha ganin damtsen da aka tsattsaga da reza ana laluben sanda. Kuma ita ce za ta zauna a gidan suna ta gaya wa sa'anninta cewa in an sa ba a cirewa.

Abin da ke ba ni haushi, a ƙarshen wata kowa adadin waɗanda aka sa wa yake tambaya. Mutum nawa ne har yanzu take hannunsu bayan wata shida, ban ji mai tambaya ba. Masu zuwa gangami su sa wa mata kyauta a yini ɗaya su naɗe rumfa su tafi, mu ake bari da koke-koken wata na uku.

Bayan azahar wata amarya ɗaliba ta zo daga Samaru, mako shida da sa mata robar mahaifa, ta jan ƙarfe mai kai shekara 10. So take ta gama karatu tukuna. Zaren robar yana nan, sai ɗan ciwon mara da ƙarin jini lokacin al'ada, na ce mata hakan yakan lafa bayan 'yan watanni. Da ta ji zazzaɓi ko ruwa mai wari kuwa, kada ta jira.

Kafin a tashi na buga wa waɗanda ba su dawo ba waya. Da yawa lambar mazajensu ce a kati, sai in gaisa in ce daga asibiti ne, a ce wa maiɗakin ta leƙo mu, ban ƙara komai ba. Allurar kashe zafi ta kusa ƙarewa, ga masu Jadelle da lokacin cire tasu ya yi za su zo ranar Alhamis. Gobe da sassafe sai na rubuta a kawo.