Lambar da ta hana ni barci kwana uku

Ƙannena, ranar da aka miƙo mini takardar hoton zuciya, wanda ake kira eko, ban jira likita ba. Tun a bakin ƙofa na buɗe, idona ya sauka kan layin ƙarshe: ɗan hawan jinin huhu, lamba 38. Kafin dare na gama yawo a intanet, na ga an ce duk abin da ya haura 20 cuta ce. Tawa ta kusa ninkawa. Kwana uku ina juyi a gado, har wasiyya na fara tsarawa a raina.

Ashe awo biyu daban na gwama. 20 ɗin nan, da likitocin zuciya da na huhu na Turai suka tsayar a 2022 (da can 25 ne), matsakaicin matsin jini ne, kuma sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya ake samun sa. Eko kuwa kiyasi yake yi. Yana duba saurin ɗan jinin da ke komawa baya ta wata ƙofa a ɓangaren dama na zuciya, a lissafa ƙololuwar matsi lokacin da zuciya ta matse, wato 38 ɗin da na gani. Idan saurin bai wuce mita 2.8 a daƙiƙa ba, babu kuma wata alama, zargin kaɗan ne. Kiyasin yakan zarce gaskiya ko ya gaza ta. Shekaru, ƙiba da ƙarancin jini duk suna ɗaga shi.

Kuskurena na biyu ya fi muni. Likita ya ce kada in tayar da hankali, ni kuma kunnena ya ji “ba komai”. Ya tambaye ni ko ina minshari, na ce a'a don kunya, alhali matata ta sha zungurina cikin dare idan numfashina ya ɗauke. Na yi shekara guda ban koma ba.

Wannan lambar yawanci manuniya ce, wani abu take nunawa a bayanta. Abin da ya fi kawo ta shi ne matsalar ɓangaren hagu na zuciya, sai cututtukan huhu da ɗaukewar numfashi a barci. Akwai gudan jini da ya daɗe a jijiyoyin huhu, akwai sikila. Irin mai tsananin da ya firgita ni a intanet ba kasafai ake samun sa ba. Kowanne da maganinsa, shi ya sa shan ƙwayar hawan jinin wani mutum ganganci ne. Awon da ake ɗaurawa a hannu ma ba ya ganin matsin huhu.

In kuna haki a hawan benen da a da ba ya ba ku wuya, ko ƙafa ta kumbura, ko jiri ya kai ku ƙasa, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ni haki ne ya mayar da ni. Da aka yi mini gwajin barci, abin da matata ta daɗe tana faɗa shi aka tarar.