Zama da kumburin hanji

Wata da watanni ana ɗura min maganin atuni da na taifod, wasu na cewa basir ne, ni kuma sai ramewa nake yi har maƙwabta suka fara kallona da wata manufa. Sai da aka duba babban hanjina da kyamara a asibitin koyarwa da ke Lamingo a Jos, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, sannan aka gano kolaitis ne mai gyambo, wato kumburin babban hanji mai haddasa gyambo a cikinsa. 'Yar'uwarta ita ce cutar Crohn, wadda kan kama ko'ina daga baki har dubura. Tawa a babban hanji ta tsaya.

Hajiyarmu ce ta fara tambaya: "Likita, yaushe za ta warke?" Ya ce, "Hajiya, ciwon nan lafawa yake yi, ba ya barin jiki. Garkuwar jikinta ce ke far wa hanjinta." Maganar ta yi mana nauyi, amma ita ta kashe zancen sammu a gidanmu. Ya kuma tabbatar mana ba a ɗauka, don haka ba a ware min kwano ba.

Tsoron ciwon daji ya hana ni barci. Haɗarin yana nan, musamman ga wanda kumburin ya mamaye hanjinsa ya kuma daɗe, shi ya sa ake fara duba hanji akai-akai bayan kamar shekara 8 da fara ciwon. Batun haihuwa kuwa, mai gidana ya zauna aka yi mana bayani tare: ana samun ciki lafiya, an fi so a ɗauka lokacin da ciwon ya kwanta, kuma akwai magani irin metotirezet da mai neman ciki ba ta sha.

Abin da ya fi ci min rai, wanda ba kowa ke iya furtawa ba, shi ne banɗaki. Idan ciwon ya tashi ba ya ba ka minti biyu. Na daina shiga kasuwar Taminus sai na san inda zan zaga, tafiya Abuja a motar haya ta zama abin fargaba tun kafin Akwanga, alwala kuma ba ta zama. Na kai wa malaminmu na Islamiyya damuwata da kunya, ya karanta min hukuncin mai lalura a salla da rangwamen azumi ga marar lafiya. Ranar na yi kuka.

Abinci ba shi ya jawo ciwon ba, amma yana tsokano shi. Ni yaji da madara ne ba na shiri da su idan ya motsa. Gwaten acha mai ruwa-ruwa da dafaffen dankali ne ke riƙe ni. Wata mai irin ciwona tana shan nono lafiya lau.

Mesalazin, maganin da nake sha don kwantar da kumburin, na da tsada, wani lokaci sai an zaga kantuna kafin a samu. Duk da haka ko ina jin garau ba na ajiye shi, domin shi ke riƙe da lafiyar. Firednisolon, wanda aka ba ni lokacin da ciwon ya tashi, ya kumbura min fuska, kuma a hankali aka janye shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Ibufurofen da dikilofinak, waɗanda ake miƙa wa kowa a kemis, an hana ni su don suna iya tayar da ciwon. Idan kaina ya yi ciwo, farasitamol nake sha.