Wasiƙa daga Liyon: Tambayar da Ta Yi Mini Nauyi a Baki

Assalamu alaikum jama'ar gida, na Damagaram da na Maraɗi, na Kano da na Katsina, da duk inda wannan takarda ta riske ku. Ina fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Mu nan sanyi ya kankama, tun ƙarfe biyar na yamma duhu ke rufe gari, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu.

Na daɗe ina jujjuya wannan magana kafin in rubuto, don irin wadda ake rage murya in za a yi ta ce a wurinmu. Maganar mutumin da rayuwa ta yi wa ƙunci har ya fara tunanin kashe kansa, alhali kullum muna tare da shi a wurin neman abinci, muna gaisawa, ba mu sani ba.

Ina aikin dare ne a wani ƙaton sito a bayan garin Liyon na ƙasar Faransa, inda ake haɗa kaya cikin kwalaye a loda wa manyan motoci. Akwai wani abokin aikina, ba zan faɗi sunansa ko ƙasarsu ba, ɗan yammacin Afirka ne dai kamar ni. Mutum mai barkwanci, tare muke shimfiɗa kwali a lungu mu yi sallah, kuma shi ke zuwa da fulas ɗin shayi mai citta da muke kurɓa lokacin hutu. Bara aka kawo mana sabon shugaban layi. Dama akwai na'urar da ke ƙirga kwali nawa kowa ya haɗa a awa, to shi sai ya tsiri karanta lissafin a gaban kowa, ya fara daga na ƙasa. Abokina yana fama da ciwon baya, don haka kusan kullum da sunansa ake buɗe taro. Ga takardar zamansa ta kusa ƙarewa ba a sabunta ba, ga waya daga gida ba ta yankewa: kuɗin makaranta, kuɗin magani, rufin ɗaki ya zube.

Na ga ya daina raha. Na ga ya daina cin abinci tare da mu. Ido ya faɗa, alamar ba ya barci. Me na ce masa? Abin da kowannenku zai ce: “Sai haƙuri, ɗan uwa, komai mai wucewa ne.” Ya ce haka ne. Wajen wata biyu ina ba shi haƙuri yana karɓa, ni kuma ina jin na sauke nauyi.

Sai wani dare ya zo fuska a sake, har da murmushi. Ya miƙo mini Yuro 40 da na ranta masa tun da daɗewa, ni har na manta. Ya ba ni fulas ɗin shayin ya ce in riƙe, shi ba ya bukatarsa kuma. Da za mu koma layi ya dafa kafaɗata ya ce, “In na taɓa yi maka wani abu, ka yafe mini.”

Da a shekarun baya ne, da na ce alhamdu lillahi, mutumina ya warware. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne wani horo na kwana biyu da ƙungiyar ma'aikata ta sa sunana a ciki, na taimakon farko ga wanda damuwa ta kama. Daga Ostareliya tsarin ya samo asali a shekarar 2000, Faransawa suka aro shi. Gaskiya na je ne don kwana biyu ne ba ɗaukar kwali kuma za a biya ni. A can wata malama ta ce mana mu lura da mutumin da ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam ya natsu, ya hau biyan basussuka, yana rabar da abin da yake so, yana neman gafara kamar mai shirin tafiya. Ta ce wani lokaci natsuwar ta wanda ya riga ya yanke shawara ce. Ta kuma ce in mun ga haka mu tambaye shi kai tsaye, da kalmar kanta, ba kewaye-kewaye. A raina na ce wannan ba ta san mu ba, mu da muke gudun ambaton mugun abu kada baki ya kira shi. Kamar ta ji ni, ta ce an yi bincike a kan wannan an maimaita, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba ya da shi, wanda kuma yake da shi sau da yawa sauƙi yake ji don an sami mai ji.

Ƙarfe shida na asuba muka tashi. Na bi shi wurin ajiye motoci, sanyi na yankan kunne. Sau biyu ina buɗe baki maganar tana maƙalewa. A na uku na ce, “Don Allah zan tambaye ka wani abu, kada ka ji haushi. Kana tunanin kashe kanka ne?”

Ya yi shiru har na ɗauka zai zage ni. Sai ya ce, “Wa ya gaya maka?” Ya jingina da mota ya fashe da kuka, ƙato mai 'ya'ya huɗu.

Nan ne na kusa ɓata komai, don wa'azi ya riga ya taho mini har maƙogwaro: haramun ne, wuta ce, ka tuna 'ya'yanka. Allah Ya taimake ni na haɗiye. Mutumin nan ya fi ni karatu, ya san hukuncin sarai, kuma sanin ne ma ya sa ya kasa gaya wa kowa. Na bar shi ya yi magana, fiye da rabin awa, ban katse shi ba. Na tambaye shi ko ya tanadi wani abu, ko ya sa rana. Ya ce e. Muka je ɗakinsa tare na ɗauke abin da ya tanada. Ya roƙe ni in rufa masa asiri kada kowa ya ji, na ce masa ba zan kai maganarsa dandali ba, amma ba zan riƙe ta ni kaɗai ba, don ta fi ƙarfina. Muka kira 3114, lambar da gwamnatin Faransa ta buɗe a watan Oktoban 2021 don wannan matsala kawai, kyauta, dare da rana, ma'aikatan lafiya ne ke ɗauka. Suka yi magana da shi, suka ce mu wuce asibiti. Daga baya likitan ma'aikata ya gan shi, wanda doka ta hana shi kwashe sirrin ma'aikaci ya kai wa masu kamfani, ya rubuta cewa a sauya masa wurin aiki.

Kada ku ɗauka Faransawa tausayi ne ya yi musu yawa. Wuya suka sha. Mutanen Nijar kun san layin Orange da aka yi ta amfani da shi kafin a sayar da reshensa a 2019. Uwar kamfanin a nan Faransa, a wancan lokacin France Télécom ake kiran sa. A 2006 shugabanninsa suka ƙudura rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku, ga shi da yawansu ma'aikatan gwamnati ne tun asali, ba a iya korar su haka kawai. Sai aka ɗauki hanyar gasa musu aya a hannu har su tafi da ƙafarsu: a tura mutum gari mai nisa da iyalinsa, a ɗauke injiniya a zaunar da shi amsa waya, a bar wani a ofis ba aikin yi. Shugaban kamfanin, Didier Lombard, ya gaya wa manyan ma'aikata cewa zai fitar da mutanen ko ta ƙofa ko ta taga. A 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. Wani ma'aikaci a birnin Marsai ya bar takarda yana cewa aikin ne kaɗai dalili. Da 'yan jarida suka matsa, Lombard ya kira abin wai yayi ne, maganar da har yau ba a manta masa ba.

Sai da aka shekara goma kafin kotu ta zauna. A watan Disamban 2019 aka same shi da wasu manyan kamfanin da laifin muzguna wa ma'aikata a matsayin tsarin gudanarwa, aka ci kamfanin tarar Yuro 75,000. Ba wani kuɗi ba ne ga kamfani irin wannan, kuma bayan ɗaukaka ƙara ɗaurin shekara ɗayan da aka yanke wa Lombard ya koma na jeka-ka-gyara-halinka. Ni dai a ganina hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai. Amma kotun ƙoli ta tabbatar da laifin a Janairun 2025, kuma abin da ya zauna shi ne, wulaƙancin wurin aiki yana iya kai mutum kabari, mai yin sa kuma yana da alhaki.

Wannan ne ya sa na juyo gare ku. Mu ba mu da injin ƙirga kwali a Kasuwar Dole ko Kantin Kwari, amma muna da maigidan da ke zazzage yaron shagonsa a gaban masu saye. Muna da oga da ke riƙe albashin wata uku yana cewa a yi haƙuri. Muna da malamin makaranta ɗan kwantiragi da mai shago ya daina ba shi bashi, da ɗan kasuwar da ya karye yana ɓuya kada a gan shi a masallaci, da matar da ta ci adashi aka rasa yadda za ta zuba. In ɗayansu ya ce “na gaji da rayuwar nan” ko “gara in mutu in huta”, dariya muke yi, ko mu ce ya yi istigfari, mu wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ba ƙasashen Turawa ba. Namu dai ba ma faɗa ne, sai a ce gajeriyar rashin lafiya.

Na san abin da wani zai ce: Musulmi ba ya kashe kansa. Haramcin gaskiya ne, ba ni da ja. Amma ku duba ayar da ta hana, ta 29 a Suratun Nisa'i, da me ta ƙare? Da cewa Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Akwai kuma hadisi a Sahihu Muslim na mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya ji wa hannuwansa raunin da ya zama ajalinsa, Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Malamai su ne masu fashin baƙi, ni ɗan dako ne. Abin da na gani da idona kawai, tsoron a ce imaninsa ya yi rauni shi ya rufe bakin abokina wata da watanni, yana sallah a gefena.

Doka ma tana ƙara rufe bakin. Kundin hukunta laifuka na arewacin Najeriya ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Wanda ya san za a kai shi caji ofis, yaushe zai faɗa? Ghana ta soke irin wannan doka a 2023.

Ba ku da 3114, na sani. Amma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, akwai sashen a babban asibitin Yamai, kuma ko likitan asibitin unguwa ya fi shiru. Zuwa can ba ya nufin hauka, ciwon damuwa ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. In kun tambayi mutum ya ce e, kada ku bar shi shi kaɗai a ranar, ku nisanta shi da abin da zai iya cutar da kansa da shi, ku nemo wani nasa da ya yarda da shi, ku raka shi da ƙafarku. In bashi ne ya shaƙe shi, ku je ku zauna da mai bashin, a nan mun fi Turawa iyawa. Kai kuma maigida, in za ka yi wa yaronka faɗa, ja shi bayan shago.

Abokina ya dawo aiki bayan wata biyu, yanzu yana ɓangaren manna takardu a jikin kwali, inda ba ɗaga nauyi. Ba zan ce ya warke sarai ba, akwai daren da nake ganin idon ya sake faɗawa, in tambaye shi, yanzu tambayar ba ta yi mini nauyi kamar da. Takardar zaman ta fito. Shugaban layin yana nan, sai dai ya daina karanta lissafi a bainar jama'a tun da wakilan ma'aikata suka kai ƙara.

Makon jiya lokacin hutu ya dube ni ya ce, “Wai ina fulas ɗina? Shayin da kake dafawa ba ya shawuwa.” Na kai masa washegari.

A gaida mutan gida, manya da yara.

Naku,
ɗan uwanku a Liyon